Motar Rimot da Ta Kai Mu Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na sarara ba. A shago, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Sagir, yaya ƙasar masu Faransanci? Kun ciyo kofin?" Nakan ce lafiya lau, in kau da zancen. Abokan wasanmu su suka fi matsa mini, kuma na gaji da ba su labarin guntu-guntu. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya, har da wuraren da ba su yi mini daɗin faɗa ba.

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a unguwar Gangare, cikin Jos. Shekara takwas ke nan ina wasan motar rimot. Ba irin ta roba da ake saya wa yara da salla ba. Tamu tsawonta ya kai kamu ɗaya, tana da injin gaske wanda bai fi dunƙulen hannu ba, tana shan mai na musamman, tana hayaƙi, idan ta sami miƙaƙƙen fili ta fi keke gudu nesa ba kusa ba. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu, mu wajen goma, a wani tsohon filin haƙar kuza a bayan Daɗin Kowa.

A nan na san Oga Chike. Kayan babur yake sayarwa kusa da Tina Junction. A Jos aka haife shi, kakansa haƙar kuza ta kawo shi kamar yadda ta kawo nawa. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa. A shekarun da rikici ya raba garin nan, ni ba na iya shiga unguwarsu, shi ba ya iya shiga tamu, filin nan ne kaɗai ya rage mana, kuma ba mu taɓa fashin zuwa ba sai in an sa dokar hana fita.

Mota ɗaya muka haɗa tare, muka sa mata suna Kuza. Shekara uku muna gina ta. Muka cire giyar roba muka sa ta ƙarfe, muka canza man shokozoba har sau huɗu kafin ta daina tsalle a kan tsakuwa, na ƙera mata salansa da hannuna. Chike shi ne direba, don hannunsa ba ya rawa. Ni aikina saita inji. Akwai allurai biyu a kabireta, ana juya su da sukudireba kaɗan-kaɗan. Idan mai ya yi yawa injin ya riƙa gurnani yana nauyi. Idan ya yi kaɗan ya riƙa siririyar ƙara, ya yi zafi ya ƙone. Babu na'urar da muke awo da ita. Kunne ne kawai, kuma a filinmu kowa ya san nawa.

Wani mai shagon magani a Kwatano, Misyo Kojo, ya ga bidiyon Kuza a waya, ya gayyace mu gasar da ƙungiyarsu take yi. Da na gaya wa matata sai ta ce, "Yanzu ƙasa za ka ƙetare saboda motar wasa?" Na ce mata mako ɗaya ne kawai.

Bayan asuba muka tashi a motar haya, ranar Talata. Kuza tana cikin akwatin katako a cinyar Chike. Jakar kayan aiki kuwa tana hannuna tunda ni ne makaniki: rimot, batura da na naɗe da salatif, wayoyi, ƙarfen liƙi, da man injin da muka ɗura a robar ruwan sha don kada ainihin gwangwaninsa ya ɗiga. Muna gangara Hawan Kibo sanyi ya fara sakinmu, kafin mu kai Akwanga na tuɓe rigar sanyi.

Kusa da mu akwai wata dattijuwa mai fataucin dankali, Mama Ladi. Ta ga na buɗe jakar ina neman wani abu, ta leƙa ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, wannan kaya ba a haɗa su jaka ɗaya," ta ce. "Ka ba ɗan'uwanka rabi."

"Mama, abin wasa ne," in ji Chike. "Motan yana nan a akwati, kowa zai gani."

"Ni na gani. Ba kowa ke gani ba."

Muka yi dariya. Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa shi ne wani shinge kafin Lokoja. Masu kaki suka ce a buɗe akwatin, da suka ga motar suka ce sai mun tayar musu da ita. Chike ya zagaya da ita a bakin titi, ta bi ta tsakanin ƙafafun ogansu, suka yi ta shewa suna ɗauka a waya. Muka koma mota muna cewa ai Kuza da kanta fasfo ce.

A Lokoja ƙafar motarmu ta samu matsala, muka kwana a wani masauki mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Sauro ya yi walima da mu. Kashegari muka shiga Ikko da yamma, muka kwana wajen wani ɗan'uwan Chike, wanda ya sa matarsa ta dafa mini shinkafa a sabuwar tukunya don kada in yi ƙyanƙyami. Ranar Alhamis muka kama hanyar Badagiri. Ban taɓa ganin shinge irin na hanyar nan ba. Kafin direba ya sa giya ta uku an sake tsayar da shi.

Wajen azahar muka isa kan iyaka. Da ƙafa ake ƙetarewa, cikin cunkoson 'yan dako da mata masu kwanduna da 'yan canji. Muka wuce ɓangarenmu ba matsala. A ɗaya ɓangaren aka nuna mana wani ɗaki mai benci da dogon tebur. Har yau ban san ko su wane ne mutanen da ke ciki ba, kakinsu dai ba irin na masu buga hatimi ba ne. Ɗaya ya zuge jakata. Ya ɗaga rimot, ya ɗaga baturan da wayoyinsu a waje, ya buɗe robar mai ya shinshina. Sannan ya dubi hulata da gemuna, ya dubi katina na shaida. Bai ko kalli akwatin Chike ba. Ya yi magana da Faransanci, wasu biyu suka matso da bindigogi.

Akwai mai fassara da ke jin turancin kasuwa. Ya juya wajen Chike ya ce, "Kayan nan na wane ne?"

Na jira Chike ya buɗe akwatin ya yi musu bayani kamar yadda ya yi a Lokoja.

"Nasa ne," in ji Chike.

"Kai kuma mene ne naka da shi?"

"A mota muka haɗu."

"Akwatin fa?"

"Shi ya ce in riƙe masa."

Bai dube ni ba. Ya ajiye akwatin a kan tebur a hankali. Aka buga masa hatimi, aka nuna masa ƙofa, ya fita. Na bi bayan rigarsa da kallo har mutane suka rufe shi.

Aka karɓe wayata da bel ɗina, aka kai ni wani ɗaki a baya mai taga ɗaya kusa da rufi. Mu biyar ne a ciki. Wanda ya yi mini wuri wani tsohon Bazabarme ne, Baba Hamani, mai fataucin maganin dabbobi. Takardunsa suka ɓace a hanya, ya yi kwana tara a nan ba wanda ya zo nemansa. Da aka miƙo dogon burodin nan nasu mai tauri kamar sanda, ya karya nasa ya ba ni babban ɓangaren. Ya ce, "Ci, yaro. Gobe za su tambaye ka, kuma ba a amsa tambaya da yunwa." Shi ya nuna mini alƙibla, ya nuna mini gefen bangon da ake taimama.

Da safe aka kai ni tambaya. Kuza tana kan tebur. Suka ce wa ya aiko ni, ina zan kai kayan, daga nisa nawa rimot ɗin yake aiki. Na ce musu mota ce, su bar ni in tayar da ita su gani. Da na miƙa hannu wajen rimot ɗaya ya doke hannun da gindin bindiga. Tsoro suke ji na gaske, na gan shi a idonsu, kuma shi ne abin da ya fi firgita ni. A gabana suka ɓalle murfinta da wuƙa, suka yanke wayoyin da na yi mako ina jerawa, suka tsiyaye man a ƙasa. Na ce, "Don Allah kada ku taɓa injin." Ban ga zuwan marin ba. A kunnen hagu ya same ni, da tafin hannu a buɗe. Na ji wani abu ya fashe a ciki, sannan wani shuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Da na shafa na ga jini.

Ba zan ƙirga sauran ba. Abin da ya wajaba in faɗa shi ne abin da na yi a safiyar kwana na biyu. Suka sake tambaya ta wa ya aiko ni, sai na ce Chike. Na ce shi ne mai kayan gaba ɗaya, shi ya sayo baturan, shi ke riƙe rimot, ni ɗan dako ne kawai. Na ba su cikakken sunansa, na kwatanta musu shagonsa, har sunan matarsa na faɗa ba tare da an tambaye ni ba. Suka rubuta da Faransanci, na sa hannu. Da na koma ɗaki Baba Hamani ya matso kusa da ni. Ya jiƙa bakin rawaninsa ya goge mini kunne.

Bayan la'asar aka kira ni. Da na shiga ofis sai ga Chike a tsaye da rigar da muka rabu, idanunsa jajur, kusa da shi wani mutum mai tabarau da farar riga. Misyo Kojo ne. Daga baya na ji yadda aka yi. Lambar Kojo a wayata take, kuma an karɓe wayar. Chike ya shiga Kwatano ba ya jin kalmar Faransanci ko ɗaya, ya riƙa hawan acaɓa yana bin shagunan magani ɗaya bayan ɗaya yana nuna hoton Kuza, yini ɗaya da rabi, har Allah ya haɗa shi da wanda ya san mutumin.

Kojo ya kawo takardar ƙungiyarsu da bidiyoyi da nasa rimot. Ogan wurin ya kalla ya daɗe. Ya yarda a sake ni, amma ya ce sai an karanta bayanina a gaban kowa don a san ba su riƙe ni a banza ba. Ya karanta, mai fassara yana juyawa layi-layi. Da aka zo kan sunan matarsa, Chike ya ɗaga kai ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa. Aka zuba mana Kuza a buhun shinkafa, muka fita.

A unguwar Zango ta Kwatano aka sauke mu, gidan wata Hajiya Mero mai ɗakunan baƙi. Kakanninta daga Kano suka zo fataucin goro, Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, sai dai tana sirka ta da Faransanci. Tana ganin kunnena ta ce, "Waɗanne marasa imanin ne suka yi maka haka?" Ta so ta ɗiga mini man zaitun, Kojo ya hana. Ya haska da ƙaramar fitila ya ce fatar cikin ta yage, kada ruwa ya shiga, in ga likita da zarar na koma gida. Hajiya ta kawo mana akasa, wato agidi ne amma mai tsami, da soyayyen kifi da miyar barkono ɗanye. Chike ya ci lomar farko ya ajiye. Ni kuma tauna tana motsa mini ciwon.

Garin yana da abin kallo, da hankalina na jikina. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar manja. 'Yan acaɓa duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, kuma mata ma suna tuƙa baburansu da jakar kasuwa a gaba, ba mai juyowa ya kalle su. Da tsakar rana shaguna da yawa sukan rufe, masu su su tafi gida cin abinci, abin da ɗan kasuwar Jos zai ɗauka hauka ne. Iskar kuwa nauyi gare ta, mai gishiri, ka yi wanka ka fito kana zufa.

Ɗaki ɗaya aka ba mu, katifa biyu. Muka shimfiɗa jarida a tsakani muka zazzage buhun. Ranar Lahadi da safe muka ƙare aikin da muka fara tun isowarmu. Maganarmu ba ta wuce "miƙo filaya" da "riƙe nan" ba. Na liƙe wayoyin, Chike ya ɗinke murfin da zaren kamun kifi. 'Yan ƙungiyar Kojo suka ba mu mai da batura, suka ƙi karɓar komai.

Filin gasarsu ya ba ni kunya da sha'awa a lokaci guda. An shata hanya da bututun roba, an gina wa direbobi dandamali, akwai na'ura mai ƙirga zagaye. Mu a gida da baki muke ƙirgawa, kullum sai an yi musu. Suna zuwa da matansu da kujeru da abin sha. Wanda ba ya cikin zagayen da ake yi yakan tsaya a kwana, idan motar wani ta kife ya ruga ya tayar da ita, ko da ta abokin hamayyarsa ce.

Akwai abin da na sani tun kafin mu bar gida. Jos a kan tudu take, iskarta ba ta da kauri. A bakin teku iska ta fi kauri, don haka inji yana bukatar ƙarin mai, in ba haka ba ya ƙone. Dole a sake saitin gaba ɗaya. Na tayar da injin na tsuguna da sukudireba. Sai na tarar ba na jin sa. Ƙarar tana zuwa ta gefe ɗaya, a dunƙule, shuu ɗin nan ya rufe siririyar muryar da nake nema. Na juya allura, na mayar, na sake juyawa. Akwai masu saiti a wurin, da na yi magana da sun taimaka. Chike ya sunkuyo.

"Ya yi?"

Kalma ce ta farko da ya tambaye ni yana kallon fuskata. Na kasa ce masa ba na ji, don faɗar haka faɗar komai ne.

"Ya yi," na ce.

Motoci takwas aka saki. Kuza ta tashi a ta ƙarshe saboda ba mu yi gwajin ranar Asabar ba. Ban taɓa ganin Chike ya yi tuƙi irin na ranar ba. Kafin zagaye na huɗu ya wuce motoci uku, a na shida yana bin ta biyu a gindi, mutanen da ba su san sunanmu ba suka miƙe tsaye suna kiran Najeriya. A zagaye na bakwai na lura hayaƙin salansa ya ɗauke. Duk mai saiti ya san ma'anar wannan. Na ɗaga hannu in ce masa ya shigo, amma idonsa na kan mota. A miƙaƙƙiyar hanya ta yi wani irin tari ta tsaya cak. Da na ɗauko ta kan injin ya ƙona mini yatsa. Fistin ya manne a ciki, ba gyara. Chike ya sauko daga dandamali, ya kashe rimot, ya sa a buhu.

Misyo Kojo da kansa ya rako mu kan iyaka. Wanda ya mare ni yana bakin ƙofa, ya gane ni, ya yi murmushi ya kwaikwayi tuƙin mota da yatsunsa. Na tambayi labarin Baba Hamani aka ce har yanzu yana ciki. Na sayi burodi biyu na ba Kojo, ya yi alkawarin zai bi maganarsa. Ban ji komai ba tun daga lokacin.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, kujera ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. In an tsaya salla yakan riƙe mini jaka, in na sayi ruwa nakan sayo biyu. Iyakar abin ke nan. Muka sauka a Tina Junction da la'asar sakaliya, ana yayyafi, masu gasa masara suna rufe wutarsu da kwano. Muka tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai faci, buhun yana tsakaninmu.

"Oga Chike," na ce, "abin da na sa wa hannu a can..."

"Bar shi, Sagir. Kai sai da suka fasa maka kunne kafin ka faɗa. Ni ba wanda ya taɓa ni."

"Da an riƙe mu duka, wa zai je neman Kojo? Dabara ka yi."

"Haka na gaya wa kaina bayan na fita." Ya share ruwan da ke fuskarsa. "Amma lokacin da na buɗe baki, ba dabara a kaina. Da suka ɗaga bindiga na juya na kalle ka. Na ga gemu, na ga hula, na ga waya da batir. Shekara takwas muna tare, amma wallahi na ji tsoronka. Na ce a raina, to in gaskiya ne fa?"

Ya tura mini buhun da ƙafa, ya tsayar da keke napep mai zuwa Daɗin Kowa ya shiga. Da keken ya fara tafiya ya leƙo ya faɗi wata magana, na ga bakinsa yana motsi. Gefen kunnen hagu na ba shi, ga ruwa yana dukan kwano. Ban ji ba, kuma har yau ban tambaye shi abin da ya ce ba.